Koren Jan Farce a Kan Kusar Inji

Jama'ata na Garwa, jam na? Ku matso. Yau ba dariya sosai, labarin mai nauyi ne.

Ranar Lahadi, a hanyar Pitoa inda samari ke tseren mota, BMW ɗin Hanzala ta yi ƙara, inji ya fashe, baƙin mai ya wanke tayoyin baya, ta sulale ta rungumi bishiya. Kafin la'asar an binne shi.

Kafin magariba 'yan sanda sun kulle Salmanu, bakaniken unguwar Roumdé Adjia da ya haɗa sabon injin, a komisariya.

Sufeto Jocelyne ce da binciken, mace mai kallon mutum har ya tuno laifin da bai yi ba. Ta sa aka kwance kaskon mai na ƙarƙashin injin, ta kwashe abin da ke ciki ta zube gaban Salmanu: karyayyar kusa, da matatar mai da jan gam ya toshe.

"Aikinka ne?"

Ya juya kusar. "Madam, wannan ko ƙofar kaji ba zan ɗaure da ita ba. Nawa daga Douala aka kawo su. Duk wadda na ɗaure sai na ɗiga mata koren jan farcen matata, kada in manta wata. Kuma gam ɗina ruwan toka ne."

Kusar kuwa ba ɗigon kore. Wani ya buɗe injin bayansa ke nan.

Ta je wajen Michel mai kayan gyara, wanda na jabu ya fi yawa a shagonsa, ta nuna masa kusar.

"Irin nawa ne," ya ce. "Rabin Garwa na saya. Amma ni da spana? Ko taya ban iya canjawa ba."

Ta dubi hannunsa, sumul kamar na amarya. Ta wuce.

A zaman makoki, Hajiya Ummuhani, mahaifiyar mamacin, ta riƙe hannunta. "'Yata, da ya ji maganar Taufiƙ! Amininsa ne, a garejin gidansu ma yake ajiye motar. Ran Lahadin da safe har ƙofa ya biyo shi, yana cewa kar ka taka ta yau."

Jocelyne ta ce a ranta: Sabon inji, wa zai ji tsoronsa in ba wanda ya san cikinsa ba?

Ta sami Taufiƙ zaune kan tasa motar tseren, ido jawur.

"Buɗe mini kaskonta."

"Madam, makoki muke."

"Na sani. Buɗe."

Jan gam a bakin kaskon. Ciki kuwa kusoshi a jere, kowacce da ɗigon kore.

"Ka kwashe nasa masu kyau ka sa a taka," ta ce. "Ka cusa masa na Michel, ka lafta gam ka rufe. Gam ya toshe matata, mai ya daina zagayawa, inji ya ɗau zafi, kusa ta tsinke."

Taufiƙ ya durƙushe. "Aro na yi, wallahi! Tsere ɗaya kawai, Litinin in mayar masa."

"Yau Litinin," in ji ta. "Tashi ka kai masa."

An saki Salmanu. Bai koma gareji ba, maƙabarta ya nufa.

Saura Hajiya, da har yanzu take sa wa Taufiƙ albarka don ya gargaɗi ɗanta. Jocelyne na tsaye a ƙofar gidan, ta kasa sallama.

To jama'a, da ku ne ita, da wace kalma za ku fara?