Shuɗin Ɗigo a Rayfield

"Me kike yi a gidan nan duk Asabar, Kausar?"

Yaya Salisu ya miƙo wayarsa har gaban hancina. Taswira ce, ga wani shuɗin ɗigo a kan wani gida a unguwar Rayfield. Ɗigon nan ni ce.

"Yaya... bibiyata kake yi?"

"Tun ranar da na sayo miki wayar na haɗa ta da tawa. Wa ke sakin ƙanwarsa haka a zamanin nan?"

Ashe har ya saka hoton taswirar a guruf ɗin danginmu. Murjanatu, 'yar Baffana da ta daɗe tana mutuwar son Badruddeen, wanda zan aura, ta kwashe shi ta tura wa mahaifiyarsa, ta ƙara da cewa gidan wani Alhaji ne.

Ga bikinmu ya matso!

Kafin la'asar Hajiyarsa ta aiko da saƙon murya, wai a dakata da kawo lefe.

Ina tsakiyar kuka Badruddeen ya kira.

"Rabin raina, share hawayenki."

"Ka ga hoton?"

"An turo min. Ban buɗe ba, gogewa na yi."

"Ba za ka tambaye ni ba?"

"In kin ga dama ki faɗa min da bakinki. Ke zan aura, ba taswira ba."

Nan take na ji kukan ya ɗauke.

"To ka kawo min Hajiya gidan na Rayfield ranar Asabar."

Haka muka ɗunguma daga Jos Jarawa, ni da Ummana da Yaya, muka tarar da Badruddeen da Hajiyarsa a ƙofar gidan. Matar gidan, Madam Ezinne, ce ta buɗe mana ƙofa, hannunta duk fulawa.

"Kausar, kin makara! Ɗalibanki suna ta jira."

Mata ne cike da falon, kowa da kwanon kwaɓinta. A nan na koyi yin kek a ɓoye, don Yaya ya rantse ƙanwarsa ba za ta yi sana'a ba. Yanzu ni nake koyarwa.

Hajiya ta ƙura wa allon da ke bango mai ɗauke da sunan shafinmu na sayar da kek ido, ta laluba wayarta.

"Wai shafin nan naku ne? Ai a nan na yi odar kek ɗin sunan jikata!"

"Da hannuna na yi shi, Hajiya."

Ta jawo ni jikinta. "Ki yafe min 'yata. Gobe lefe zai iso."

Na juya na miƙa wa Yaya wayata.

"Cire abin nan. In kana son sanin inda nake, ka tambaye ni."

Ya sunkuyar da kai ya cire, Badruddeen na gefe yana ƙunshe dariya.

Ranar bikinmu ni na haɗa kek ɗina, hawa huɗu. Ina ɗora hotonmu a shafina, angona ya leƙo ta kafaɗata.

"Amaryata, wa ya fara gani?"

Na duba, na tuntsire da dariya.

Murjanatu ce.