Mutumin da Ya Sayar da Amin

Matarsa ta rasu, babban ɗansa yana kwance a sashen masu taɓin hankali, masana'antar ƙofofin ƙarfen da ya gina kuma kotu ta miƙa ta ga wasu. Mutumin da kowa ke kira Maiwalda yana zaune yanzu a ɗakin baƙi na gidan ƙaninsa. Dattawan cocinsu sun ce duk wannan ya faro ne daga ranar da ya sayar da kalma guda.

A idon jama'a, Maiwalda mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Tun yana yaro yake cikin ƙungiyar mawaƙa, bai taɓa kai giya bakinsa ba, shi ya yi wa cocin tagogi kyauta. Rumfarsa ƙarama ce a bakin titi, injin walda ɗaya, janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ƙaninsa, wanda ake kira Auta, shi ne ciwon kan gidan. Ya yi shaye-shaye, ya taɓa sace injin waldar yayan nasa ya sayar, ya kuma yi zaman gidan yari.

Bayan fitowarsa, wata Lahadi Auta ya miƙe a gaban ikilisiya ya faɗi zunubansa ɗaya bayan ɗaya, har da na injin, ya ce ya karɓi Yesu Almasihu a matsayin Mai Cetonsa. Mata suka yi ta share hawaye. Fasto ya rungume shi. Maiwalda yana tsaye a layin mawaƙa cikin doguwar rigarsa, yana kallon yadda ake rungumar ɓarawon injinsa.

Shi ya koya wa Auta sana'ar, don uwarsu ta roƙe shi. Da hannun Auta ya faɗa, sai ya buɗe tasa rumfar a tsallaken titi, 'yan coci kuma suka riƙa kai masa aiki, wai a ƙarfafa shi kada ya koma. Ana gayyatarsa wasu majami'u ya ba da shaida. Daga inda Maiwalda ke tsugune yana iya ganin tartsatsin waldar ƙanin nasa tun safe har yamma, ko da ya rufe fuska da baƙin gilashi.

Wata rana ya ce wa matarsa, da ya san haka ake shiga gaba a coci, da shi ma ya yi sata tun da ƙuruciya.

"Baban yara, ai ba ka makara ba," in ji ta. "Ga tukunyata nan, ka sace, ran Lahadi ka tuba."

Ita ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ba a daɗe ba dattawa suka ba Auta aikin babbar ƙofar sabon ginin coci, aikin da Maiwalda ya riga ya zana a ransa.

Direban da ke kawo wa Maiwalda ƙarfe ne ya kwatanta masa wurin wani boka. Ya je da tsakar rana, ranar aiki, ya bi ta bayan wani fili da ake tara matattun motoci, ya shiga wani tsohon gini. Ɗakin ba shi da taga. An lulluɓe bango da jan ƙyalle, an jera tukwane a ƙasa bakinsu a ɗaure da fata, madubi ɗaya an juya fuskarsa ga bango. Wari ne kamar na ƙonannen gashi. Abin da ya fi ɗaukar idonsa shi ne rufin: kwaɗunan ƙofa ne rataye a igiyoyi, manya da ƙanana, duk a kulle. A matsayinsa na mai aikin ƙarfe ya lura cewa wasu sun yi tsatsa har sun haɗe da igiyarsu.

Bokan bai yi kama da boka ba. Rigarsa a goge take, da agogo a hannu, kamar ma'aikacin ofis da ya fito hutun rana. Ya tambaye shi abin da yake so, Maiwalda ya ce arziki.

"Ƙarya kake," in ji bokan. "Mai neman arziki lissafi yake yi. Kai tun da ka shigo kake cizon haƙora. Wa kake so ka wuce?"

Maiwalda ya ce ƙaninsa ne. Daga nan ya gindaya sharuɗɗansa, cikin muryar mutumin da ya saba ciniki. Ba zai zubar da jini ba. Ba zai ba da matarsa ko 'ya'yansa ba. Ba zai bar coci ba.

"Je ka cocinka, yi waƙarka, har ka fi da," in ji bokan. "Ba na son kowa naka. Kalma ɗaya nake so."

"Wace kalma?"

"Amin. Daga yau ba za ta sake fita daga bakinka ba. Ranar da ta fita, abin da ya shigo zai fita, ka koma ƙasa da inda ka taso."

Maiwalda ya auna maganar. A coci ɗaruruwan bakuna ne ke faɗin kalmar a lokaci guda. Wa zai ji cewa ɗaya ya ragu? Zai motsa leɓe kawai. Ya ga bai taɓa samun ciniki mai araha irin wannan ba.

Bokan ya ɗauko sabon kwaɗo, ya shafe shi da wani baƙin mai, ya kara masa a baki a buɗe. Ya ce ya faɗi kalmar a ciki, karo na ƙarshe. Maiwalda ya faɗa. Kwaɗon ya kulle, bokan ya jefa makullin cikin wata tukunya, ya hau kujera ya rataye shi a cikin sauran.

Kuskuren Maiwalda shi ne cocin kaɗai ya lissafa. Yana isa rumfa maƙwabcinsa mai faci ya ce masa Allah ya ba da kasuwa, kalmar ta zo masa har haƙora kafin ya haɗiye ta. A ranar ya gane sau nawa mutum ke faɗinta kafin rana ta faɗi. In ka yi atishawa, in za ka hau mota, in ka ba tsohuwa hanya, in an ga ɗanka an ce Allah ya raya. Ya koyi wasu amsoshi. Yakan ce madalla, ko na gode, ko ya yi tari ya duba waya.

Arzikin kuwa ya zo. Wani mai gina rukunin gidaje ya ba shi ƙofofi da tagogin duka, daga nan kwangila ta riƙa jawo kwangila. Rumfa ta zama masana'anta mai ma'aikata da manyan motoci. Ya gina gida mai bene, aka ba shi kujera a sahun gaba na coci. Yakan sa direba ya rage gudu a gaban rumfar Auta, yakan kuma aika masa da ragowar ƙarfe a idon mutane.

Abin da ya hana shi jin daɗin duk wannan shi ne Auta bai ji haushi ba. Yakan fito yana goge hannu a wando, ya leƙa tagar motar, ya ce, "Yaya, wannan mota ai sai ka ara mini ranar aurena. Allah ya ƙara buɗi." Maiwalda yakan ce ya ji, ya ɗaga gilashi. Ya sayi hassadar ƙaninsa da tsada, ba a kuwa kawo masa ita ba.

Matarsa ce ta fara ciwo. Tari ne da likitoci suka kasa gano tushensa. Matan zumunta suka riƙa zuwa dubiya, kowace in za ta tafi sai ta ce Allah ya ba ta lafiya, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa kai. Matar ta lura. Wata yamma bayan an yi mata addu'a, ta juyo ta dube shi.

"Baban yara, ka ce amin mana."

Ya ce ana kiransa a waya, ya fita baranda. Ba ta sake roƙonsa ba har ta cika.

A zaman makoki babban ɗansa ne ya riƙa amsa wa masu ta'aziyya, da ƙarfi, don ya rufe shirun ubansa. Baƙi suka watse, shi bai daina ba. Ya riƙa cewa amin in mota ta yi oda, in cokali ya faɗi, in kare ya yi haushi. Wata rana ya tsaya a tsakiyar titi, wani direba ya tsine masa, ya amsa da amin yana murmushi. Daga nan aka kai shi asibiti.

Maiwalda ya koma bayan filin matattun motoci. Ya tuna wa bokan cewa shi ya ce ba ya son kowa nasa.

"Ban taɓa kowa ba," in ji bokan. "Kai ne mai gida. Ana kawo wa gidanka albarka har bakin ƙofa, kana ƙin karɓa. Gidan da aka ƙi karɓar albarka ba ya zama haka nan, wani abu yakan shiga. Kalmar tana bakinka, ban cire maka harshe ba. Faɗe ta, ka je ka nemi aiki wurin ƙaninka."

Maiwalda ya ɗaga kai ya gane kwaɗonsa a cikin sauran. Ya fara tsatsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma gida bai faɗa ba. A wannan lokacin ya riga ya san farashin.

'Yarsa ce kaɗai ta rage masa, ɗaliba mai karatun aikin jinya. Da ita ma ta fara irin tarin uwarta, aka kwantar da ita a asibiti. Auta ya zo da rana, kai tsaye daga rumfa, da baƙin ƙarfe a farcensa. Ya ja yayan nasa zuwa ƙarshen baranda ya ce ya daɗe yana lura da bakinsa a coci, leɓe na motsi, maƙogwaro ba ya motsi. Maiwalda ya gaya masa abin da ya yi, a gajarce, yana kallon bango.

"Yaya, ka sayar da abin da ba naka ba," in ji Auta. "An riga an saye ka tun a kan gicciye, da jinin Yesu. Cinikin da kuka yi a ɗakin can ba shi da ƙafar tsayawa."

"Kai za ka koya mini? Ni na koya maka riƙe ƙarfe."

"Kai ka koya mini. Amma ni na san yadda ake yafe wa ɓarawo."

"Abin da ke ci na ke nan," in ji Maiwalda. "Na yi shekaru ina tsare kaina. Kai ka yi abin da ka ga dama, aka yafe maka kyauta."

"Naka ma kyauta ne. Ba a sayar da shi ga kowa."

Suka koma ɗaki. Auta ya riƙe ƙarfen gadon ya yi addu'a gajeriya, ya roƙi ran yarinyar cikin sunan Yesu, ya tsaya yana jiran a amsa. Yarinyar ba ta rufe ido ba, ubanta take kallo. Ma'aikaciyar jinyar da ke gyara ƙarin ruwa ta ce ta ji kalmar ta fito daga bakin Maiwalda a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ba abin da ya girgiza, ba abin da ya faɗi.

Zazzaɓin ya sauka a cikin makon. Likitoci sun ce sabon maganin da aka canza ne, dattawan coci sun ce ba shi kaɗai ba ne. Ɗan da ke ɗaya asibitin ya daina maimaita kalmar, ko da yake har yanzu bai gane kowa ba. A daidai lokacin ƙofofin da masana'antar ta kafa a rukunin gidajen suka fara tsagewa a wurin walda, ɗaya bayan ɗaya. Aka janye kwangiloli, aka shiga kotu, gida da motoci suka bi masana'antar. Da dattawa suka je bayan filin motocin, sun tarar da ɗakin wayam, sai igiyoyi a rufi.

Fasto ya yi magana a kai ranar Lahadi ba tare da ya ambaci kowa ba. Ya ce Almasihu ya riga ya ci nasara a kan Mugun, babu kwaɗon da jininsa bai isa ya buɗe ba. Amma ya ce kada kowa ya ruɗi kansa: wanda kwaɗayi da hassada suka kai shi wannan ɗaki zai iya fitowa da ransa, ba zai tono matarsa daga kabari ba. Ya ce wanda ke kallon rumfar ɗan'uwansa yana cizon haƙora ya riga ya kama hanyar, ko da ƙafarsa ba ta taka ba tukuna.

Yanzu Maiwalda yana fita aiki tare da Auta, shi ke yankan ƙarfe a rumfar tsallaken titi. Kowace safiya suna addu'a a falo kafin su fita. In Auta ya roƙa wa yarinyar ƙarfi, Maiwalda yana amsawa. In ya roƙa wa ɗan hankalinsa, yana amsawa da ƙarfi. Amma Auta yakan rufe da roƙo guda, cewa Ubangiji ya gafarta wa yayansa kamar yadda ya gafarta masa, a nan ne bakin Maiwalda ke rufewa.

Fasto ya ce wannan ba tsafi ba ne, tsafin ya karye tun a asibiti. Maiwalda da kansa ya shaida wa dattawa cewa yana son gafarar. Abin da ya roƙa shi ne Auta ya cire "kamar yadda ka gafarta mini" daga addu'ar. Auta ya ce bai san wata irin gafara ba sai wannan.

Har zuwa lokacin haɗa wannan labari, Auta bai cire ba, Maiwalda kuma bai amsa ba.