Notin Mutaru Fita

Mata masu zuwa itace ne suka fara ganin motar, da hantsin wata Talata cikin daminar 1967. Tana kife a gindin kwazazzabo, mil tara daga Yendi a hanyar Gushegu, tayoyinta huɗu suna kallon sama. Huhunan goro sun fashe, goro ya warwatsu cikin laka. Mai motar, Alhaji Sumani, yana danne a ƙarƙashin ƙofa, ƙudaje sun riga kowa zuwa.

Duk mai bin hanyar Salaga zuwa Bawku ya san wannan mota. Tsohuwar motar soja ce mai jan tayoyi huɗu, ba ruwanta da laka ko dutse, sitiyarinta da ƙarfin mai yake juyawa. Alhaji da kansa yake tuƙa ta, ya kai goro Bawku ya komo da albasa.

Sajan Dramani na 'yan sandan Yendi ya iso kafin azahar. Dattijo ne mai tsinin gemu, ya tuƙa motocin soja a yaƙin Bama, kuma ba ya yarda da maganar kowa a kan mota sai ya shafa cikinta da hannunsa. Ya gangara kwazazzabon, ya hau kan motar. Hannun ƙarfen da ke fitowa daga akwatin sitiyari ya juya tayoyi ya zare, yana reto. Notin da ke riƙe shi babu.

Kofur ɗin da ya rako shi ya ce, "Sajan, ai magana ta ƙare. Sitiyari ya kwance, mota ta faɗi."

Dramani ya duba bakin ƙarfen, ya ga ya yi shuɗi-shuɗi. Ya kai hanci, ya ji ƙaurin ƙonanniyar fata. Ya sa aka jawo gawar. Gilashi ya yayyanka fuskar Alhaji, amma yankan bai yi jini ba. Jinin duk a ƙeya yake, inda ƙashi ya lotsa ciki wuri guda.

Ya hau kan hanya ya bi sawun tayoyi baya. Taku arba'in, a gindin wata kaɗanya, ya tarar da baƙin mai ya taru wuri ɗaya, kusa da shi toka da guntayen gawayi da aka tura wa ƙasa da ƙafa. Ya yi ta laluben ciyawa har ya tsinci notin. Ya naɗe shi a hankici ya sa aljihu.

Labari ya riga shi shiga gari. Kowa a Zangon Yendi ya san sati uku da suka wuce bakanike Mutaru, wanda ake kira Mutaru Fita don fita ake ce wa bakanike a yankin, ya gyara sitiyarin motar. Dramani ya tarar an cika ƙofar garejinsa. Yussif, ƙanen marigayin, ya shaƙe Mutaru da wuyan riga yana jan sa a ƙasa, wasu na tattaka shi, wani ya fasa masa gira da bakin sifana. Dramani ya kutsa da kulki, ya sauke wa mutum biyu a gwiwar hannu, ya tsaya a kan Mutaru.

"Na kama shi. Na gwamnati ne yanzu. Wanda ya ƙara taɓa shi zai kwana tare da shi."

Yussif ya tofar da yawu. "Ka ɓoye shi, Sajan. Wallahi kafin sadakar bakwai, hannun da ya kashe yayana ba zai sake riƙe sifana ba."

A caji ofis Mutaru ya zauna a benci, jini na bin kuncinsa. Mutum ne siriri mai manyan hannuwa, 'ya'ya biyar yake ci da su da waɗannan hannuwa.

"Me ka yi wa akwatin sitiyarin nan?" in ji Dramani.

"Masa," in ji Mutaru, wato maigida, "duka na buɗe shi. Boris ya ci, na canza. Robar da ke tare mai babu shi ko a Tamale, na yanka fatan saniya, na jiƙa a mai kwana uku, na sa. Inda akwati ke zama a jikin mota ya tsage, na yi walda da faranti mai kauri. Na ɗaure noti, na buga masa ɗigo uku da ƙusa don kar ya juya. Haka nake yi tun ina koyo." Ya goge jinin kuncinsa. "Idan aiki na ne ya kwance, ka bar su su kashe ni. Na cancanta."

Dramani ya warware hankicin. Mutaru ya ɗauki notin ya juya shi a haske.

"Nawa ne. Ga ɗigo uku. Amma wa ya ƙona shi? Wa ya bubbuge shi haka?"

"Ba kai ba?"

"Masa! Fita ya sa wuta a akwati mai cike da mai? Fata zai ƙone, mai ya tafasa ya feso maka a jiki. Ni ina da ƙarfen zarewa, minti biyar na cire. Wanda ya yi wannan ya san ƙarfe, amma mota bai sani ba."

Dramani ya mayar da shi ɗakin tsaro, ya aika aka kira Yussif.

"Naɗe hannun rigarka."

Yussif ya naɗe cikin fushi. Fatarsa sumul.

"Ina kake jiya da la'asar?"

"A gidan Malam, muna karatu, mu goma sha biyu. Je ka tambaya."

"Kai za ka gaji motar."

"Wace mota? Wadda ke kife a rami?"

Dramani ya tambaya, aka tabbatar masa. Da ya matsa wa Yussif ya faɗi wanda ke gaba da yayansa, sai ya ambaci Mumuni, tsohon direban Alhaji da aka kora bara, wanda ya taɓa zare adda a tashar Bawku ya ce sai ya sare shi.

Kafin ya tashi, Dramani ya rubuta rahoto cewa ba Mutaru ba ne, ya ajiye a teburin Insifeto. Bai ƙara layi ɗaya na cewa a ci gaba da tsare shi ba, don a ganinsa ko jariri ya san haka. Wannan shi ne kuskurensa, kuma har ya mutu bai yafe wa kansa ba.

Ranar Laraba da yamma ya isa Bawku tare da kofur. Ya sami Mumuni a bayan tasha yana ɗinke buhunan albasa, ba riga, hannuwansa ba ko tabo.

"Ina kake ranar Litinin?"

Mumuni ya yi dariya. "A gidanku. Na fasa wa wani hanci a kan lodi, 'yan'uwanka suka kulle ni, sai jiya suka sake ni."

"Alhaji Sumani ya mutu."

"Na ji. Allah Ya jiƙan shi, amma ba zan yi kuka ba."

"Me ya haɗa ku?"

Mumuni ya ajiye basilla. "Bara muna sauri mu kama jirgin fito a Makango, shi ke tuƙi. Ya juyo yana zagina, ƙafa na kan totur. A bakin Salaga wani yarinya, Asiatu, ya ɗauko kwandon gawayi zai kai wa babansa. Taya ya bi ta cikinsa, Sajan. Ni na ɗauke shi, hanji a waje. A kotu Alhaji ya ce sitiyari ne ya ƙwace. Ya ce in ce haka, na ce haka. Aka sallame shi. Bayan wata ɗaya ya kore ni, don ba ya son ganin fuskata."

"Uban yarinyar me yake yi?"

"Iddi? Maƙeri ne."

Dramani ya shafa aljihun da notin yake. Da asuba ya kama hanya ta Zebilla da Tamale, ya kwana Salaga.

Maƙerar Iddi tana bayan kasuwa, rumfa ce ta ciyawa. Da safiyar Juma'a Dramani ya tsaya daga nesa yana kallo. Ƙaton mutum ne, yana zaune gaban wuta, yana ƙera fartanya a hankali da hannun hagu. Gumi na tsiyaya daga gemunsa, amma yana sanye da riga mai dogon hannu, abin da Dramani bai taɓa gani a jikin maƙeri a bakin aiki ba.

Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye notin a kan uwar maƙera.

Iddi ya dubi notin. Ya zaro jan ƙarfe daga wuta da awartaki ya kawo wa Dramani a fuska. Dramani ya kauce, ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa, kaki ya kama hayaƙi, nama ya yi ƙauri. Suka rungume suka faɗi cikin toka. Iddi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya danne masa maƙogwaro da gwiwa yana laluben guduma. Dramani ya cafki damtsensa na dama ya murɗa. Ya ji wani abu ya saɓule a ƙarƙashin riga kamar bawon dafaffiyar doya. Iddi ya kwarma ihu ya kife. Kofur ya sa masa ankwa.

Da aka yage hannun rigar, daga wuyan hannu har gwiwa jan nama ne, an shafe da man kaɗe an naɗe da tsumma.

Dramani ya zauna yana haki. "Mai ya taru wuri ɗaya a kan hanya, wato mota tana tsaye ya zuba. Yankan gilashi bai yi jini ba, wato gawa ce ta faɗa ramin. Ka gwada notin da guduma ya ƙi, don an buga masa ɗigo. Sai ka yi abin da hannunka ya saba tun kana yaro: ƙarfe ya ƙi, a ba shi wuta. Ba ka san akwai mai a ciki ba. Bakanike ba zai yi haka ba, direba ma ba zai yi ba. Ɓarawo kuwa da ya kwashe goron."

Iddi ya dubi wutar. Bahaushen Salaga ne na asali, maganarsa a nutse take. "Na kai fartanyu kasuwar Yendi. Na roƙi Alhaji ya rage mini hanya zuwa Gushegu. Murna ya yi, yana zaton na yafe. Na ce mu tsaya mu yi la'asar. Ya sunkuya alwala, na sauke masa guduma, sau ɗaya. Na hura gawayi a kasko da zugazugina, na cire ƙarfen, na sa gawar a ciki, na tura motar gangare." Ya ɗago kai. "An ce sitiyari ya kashe 'yata, alƙali ya yarda, gari ya yarda. Na ce bari sitiyari ya kashe shi shi ma, in ga ko za a yarda."

"An yarda. Har an sami wanda za a kashe a kai."

"Wa?"

"Wanda ya gyara sitiyarin."

Iddi ya sunkuyar da kai. Ya ce bai taɓa tunanin akwai wani mutum a cikin lamarin ba, kuma Dramani ya gaskata shi, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan.

Suka bi ta Bimbilla, suka shiga Yendi bayan la'asar. Tun daga kwanar Zango Dramani ya hango hayaƙi. Insifeto ya karanta rahoton a safiyar nan, ya ga ba dalilin ciyar da marar laifi, ya sallami Mutaru.

Rumfar garejin na ci da wuta. Mutum huɗu sun danne Mutaru a ƙasa, sun shimfiɗa hannunsa na dama a kan wani tsohon inji. Yussif na tsaye da gudumar Mutarun. Dramani ya diro daga mota tana tafiya, yana ihu, amma ya ji saukar gudumar sau biyu kafin ya kutsa, ta ukun kuwa a gaban idonsa. Ya maka wa Yussif kulki a haƙarƙari, ya fizgo Iddi daga hannun kofur ya jefa shi tsakiyar taron.

"Faɗa musu!"

Iddi ya dubi hannun da ke kan injin, ya kawar da kai. "Ni na kashe Alhaji Sumani. Da guduma. Wannan bawan Allah ban ma san shi ba."

Waɗanda suka danne Mutaru suka sake shi ɗaya bayan ɗaya suna ja da baya. Yussif ya saki gudumar ya zauna a ƙasa, kofur ya sa masa ankwa bai ko motsa ba.

Dramani ya durƙusa ya tallafi kan Mutaru. Kunya ta hana shi kallon hannun. Da ƙyar maganar Mutaru ta fito.

"Masa, aiki na ne ya kwance?"

"Bai kwance ba. Sai da aka yi masa wuta da guduma."

"Ka faɗa da ƙarfi. Su ji."

Dramani ya miƙe ya faɗa da ƙarfi, sau biyu, har na bayan taro suka ji. Sannan ya ɗauke shi ya sa a mota. A asibiti likita ya yanke yatsu uku, ya bar masa biyu da ba sa lanƙwasa.