Wa Ya Ɗauke Kejin Ƙadangaru?

Da hantsi Sufeto ta iso jami'ar, Kofur na biye da ita. Taron ɗaliban nazarin halittu ne na yanki, alluna cike da hotunan jemagu da kwaɗi, kowa na zuba bayani kamar bakinsa zai tsage.

A ɗakin ajiya ta tarar da wadda ta kawo ƙara, doguwar ɗaliba, tsaye ƙyam, ido a bushe. Mai Ƙadangaru ake ce mata.

"Me aka ɗauka?"

"Kejina, ranki ya daɗe, da ƙadangaruna a ciki."

Kofur ya tuntsire da dariya. "Ƙadangare? Zo gidanmu ki cika buhu!"

"Na gidanku ban auna kakanninsu ba," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Shekaru ina bin waɗannan. Rana ta gasa ni, 'yan ajinmu har waƙa suka yi min, ban fasa ba. Na gano na cikin gari sun fi na daji tsawon yatsu, saboda hawan bangon siminti. Bayan hutun rana alƙalan taro za su auna da hannunsu. In babu keji za a ce ƙirƙira na yi, digirina ya tafi."

Sufeto ta duba ƙofar. Ba a fasa ba, da mukulli aka buɗe. Mutum biyu ke riƙe da shi, mai gadi da shugaban ɗalibai.

Mai gadi ya rantse bai motsa daga bakin ƙofa ba.

Sufeto ta nuna wani kofin shayi a gefensa. "Baba, wannan kofin na waye?"

"To, na ɗan leƙa wurin mai shayi, 'yata. Amma wallahi mukullina na wuyana."

Shugaban ɗalibai kuwa, wanda ake wa laƙabi Ƙaramin Farfesa, ya zo cikin kwat yana gyara agogo.

"Ni ƙyamar abin nake," ya ce. "Daga hotuna nake nazarinsu, ban taɓa taɓa ko ɗaya ba."

"Me nazarin naka ya gano?"

"Na gari da na daji duk ɗaya ne. Farfesoshi sun yaba."

Sufeto ta koma ɗakin ajiya, ta durƙusa, ta shafo wata rawayar ƙura a ƙasan tebur.

"Ƙanwata, wannan fa?"

Idanun ɗalibar suka kawo wuta. "Hodata ce! Ita nake barbaɗa musu don in bi sawunsu. In aka haska ta da wannan tocilar a duhu, ƙyalli take. Kuma kejin kaca-kaca yake da ita!"

Sufeto ta karɓi tocilar. "Kofur, a rufe ƙofofin zauren taro, a saki labule, a kashe fitila!"

Zaure ya kaure da surutu. Sufeto ta bi layi tana haska hannuwa. Na mai gadi, babu komai. Na Ƙaramin Farfesa ma fes, ya sha sabulu, har yana murmushi.

"Ɗaga hannun kwat ɗin."

Maɗaurin agogonsa ya yi wal kamar garwashi. Zaure ya ɗauki "Kai!"

"Ina kejin?"

"Yana cikin but ɗin motata," ya ce.

"A wannan zafin ranar?" Mai Ƙadangaru ta cire takalma ta zura da gudu, Kofur na haki a bayanta. Ta dawo rungume da keji, ƙadangarun sun buɗe baki don zafi, amma da ransu.

"In aka auna su, nawa aikin ya rushe," in ji Ƙaramin Farfesa, kai a ƙasa. "So na yi a tashi taro tukuna."

Kofur ya ɗana masa ankwa.

"Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya," in ji ɗalibar. "A bar shi ya zauna a layin gaba."

Sufeto ta ja kujera da kanta. Yana zaune aka auna yatsun ɗaya bayan ɗaya, babban alƙali ya miƙe ya fara tafi. Tafin bai tsaya ba har Kofur ya fita da shi.