Zalɓen da Ba Ni Na Saƙa Ba

Sana'armu, ni da Yaya, saƙa tsuntsaye da zaren rama da busasshiyar ciyawa. Wata rana da yamma na je bakin rafi yankan ciyawa, sai na tsinci zalɓe a tsaye cikin duhuwa. Saƙaƙƙe ne. Na juya shi, na sake juyawa, ban ga ƙulli ko ɗaya ba, ban ga inda zaren ya fara ba. Na duba hagu da dama, na cusa shi a buhu.

A shago Yaya ta daɗe tana kallonsa, ta tambaya ko aikina ne. Na ce eh. Wallahi ko ƙifta ido ban yi ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo suna yaba hannuna, ni kuwa kai ya kumbura.

Bayan kwana shida na koma rafin ɗebo ramar da muka jiƙa. Rana ta yi ja. Warin ruɓaɓɓen ɓawo ya cika wurin, kwaɗi na ta kuka.

Sai suka yi tsit.

Ƙaras. Ƙaras. Ƙarar ciyawa ana lanƙwasa ta.

Wata tsohuwa ce zaune a kan ruwan, ta ba ni baya. Yatsunta dogaye, gaɓa biyar-biyar.

"An ce ke kika saƙa zalɓena," ta ce a hankali.

Kunya ta hana ni musu, na gyaɗa kai.

"To, saƙa mini ƙafarsa ɗaya."

Ciyawa da zare suka faɗo a tafina, da sanyi, da danshi. Na fara. Na yi ƙulli. Ya warware. Na sake.

Zaren ya zagaye wuyan hannuna. Ya hau yatsuna yana saƙa su, ɗaya cikin ɗaya.

Ya matse. Na ji ƙashi ya yi ƙara.

"Ba ni ba ce," na raɗa mata. "Sata na yi."

Zaren ya saki. Ban tsaya neman takalmi ba.

Washegari babu zalɓe a kan kantar shago, sai danshi a inda yake. Yatsuna biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Na tsaya gaban Yaya, kaina a ƙasa, na faɗa mata komai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga zaren da take murzawa.

"Ai na sani tun ranar. Ni na koya miki saƙa. Jira nake ki faɗa."