Fuskar Baba Yafet

Kenechi ya fara ganin Lai'atu ne a wata firamare a Kafanchan, ranar da ya je ɗaukar muryoyin yara don dogon fim ɗinsa na farko. Katun ne, wato fim ɗin zane mai motsi, labarin wani mugun tsoho mai korar yara daga gindin mangwaro. Ita ce malamar ajin.

"Wai kowane motsi sai ka zana?" ta tambaye shi.

"Har ƙiftawar ido."

"To ina kake samo fuskokin?"

"Kasuwa, tashar jirgi. In na ga wadda ta burge ni, sai in ɗauke."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, murmushin da nake zanawa ya ƙi daidaita. Ko za ki zo in duba naki?"

Ta amsa: "Mai fensirina, ci abinci tukuna."

Mahaifinta, Baba Yafet, manomi ne a Godogodo, kuma hankalinsa na kan wani ɗan kasuwar citta daga Kachia da yake so ta aura. "Mai zanen 'yar tsana ne zai riƙe mace?" in ji shi. Da ƙyar ya yarda Kenechi ya zo gaisuwa.

Kenechi ya durƙusa, ya ɗago kai, sai ya ga fuskar da ya sani. Ga manyan kunnuwan, ga wushiryar, ga karkatacciyar hular. Wannan ne tsohon da ya gani bara yana faɗa a kasuwa, ya mai da shi mugun fim ɗin. Lai'atu ba ta sani ba, domin muryoyi ake fara ɗauka kafin zane.

Da ya nuna mata zanen a hanyar komawa Kafanchan, ta kau da kai. Daga baya ta rubuto: "Ubana ka mayar dodon yara? Ka goge shi, ko ka goge lambata."

Gogewa mai yiwuwa ce, ko da fim ɗin zai makara. Abin da ya dame shi daban ne. In ka ɗauki fuskar mutum ba da saninsa ba, ka mayar a ɓoye, ka biya shi ke nan? Ya ɗauki kwamfutarsa ya koma Godogodo.

Ya faɗa wa Baba Yafet gaskiya, ya kunna masa fim ɗin, Baba ya kalla har ƙarshe.

"Kunnen ya yi yawa," ya ce. "Amma tafiyan nawa ne. Don mene yana koran yara?"

"Mugu ne, Baba."

"A'a. Reshen mangoro yana karya da sauri. Ƙanena ya faɗo, har yau yana ɗingishi. Ka sa wannan a ciki. Kuma wane ne ya yi muryana?"

"Wani abokina ne, Baba."

"Bai iya tsawa ba. Ni zan yi."

Lai'atu, da ta zo gida a ranar, na bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen zaninta tana ɓoye dariya.

"Kai kuma," Baba ya ƙara, "tun da ka kawo laifinka da ƙafanka, ka turo manyanka."

Fim ɗin ya makara, bikin kuwa bai makara ba. A coci, bayan fasto ya ɗaura aure, Baba Yafet ya dafa kawunansu.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku yara masu hawan itace. Ni kuma ya bar mini ƙarfin koransu."

Jama'a suka amsa da amin, Lai'atu ta matse hannun angonta.