Mai Kaiwa da Mai Kawowa

"Yanke mana, Injiniya! Me kake jira?"

Muryar Gatari ce, shugaban gungun, ta faɗo cikin ramin daga sama. Rana tsaka, titi cike da motoci, amma babu wanda ya waiwaye su. Wa zai kula da ma'aikata masu riguna masu ƙyalli sun buɗe ramin waya?

Injiniya na tsugune a ƙasa, ruwa ya kai masa idon sawu. Shekara shida ya yi yana haɗa wayar faiba kafin kamfani ya sallame shi. Ya buɗe akwatin, ya zaro silin gilashi biyu, sirara kamar gashin kai. Ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan lemo.

Jiya a gareji ya yi musu bayani.

"Haske ne ke gudu a ciki. Shuɗin shi ne mai kaiwa. Duk abin da kyamarorin rumbun wayoyin hannun da za mu fasa suka gani, shi ke kai wa ofishin tsaro. Ɗayan mai kawowa ne, shi ke dawo da amsar ofis zuwa lasifikar bakin ƙofa. Ina datse su, rumbu ya zama kurma kuma bebe. Fitilar bakin ƙofa za ta koma ja."

Tsinke direba ya kwashe da dariya. "Au, babu ko tagulla a ciki? Wayar banza ke nan, ko mai gwangwan ba zai taya ba!"

Gatari bai yi dariya ba. "Mai gadi fa?"

"Ɗaya ne. Sabo ne, ban san shi ba."

"Ya fi maka. Duk wanda ya ga fuskata, ba ya ba da labari."

Amma ɗazu, kafin ya sauka ramin, Injiniya ya hango bakin ƙofar. Ba sabon mai gadi ba ne. Kawu ne! Ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana yaye, ya sayar da kekensa ya kai shi koyon wannan aikin. Yau ba ranar aikinsa ba ce. Aikin wani ya karɓa, da alama.

"Oga," ya ɗaga kai, "mu bari sai gobe mana."

"Me ya faru?"

Bakin bindiga ya leƙo daga ƙarƙashin rigar Gatari. In ya ce kawunsa ne, rami ɗaya zai ishe su su biyu.

"Ba komai."

Ya kai filaya. Ya san ko ɗaya aka yanke, fitilar za ta yi ja. Ya tsallake shuɗin, ya kama ruwan lemon.

Ƙas!

"Ta yi ja!" Tsinke ya yi raɗa daga mota. "Wallahi ta yi ja! Kai, Injiniya, kai shege ne!"

A ofishin tsaro, wata ma'aikaciya ta ajiye kofin shayinta. A allon gabanta, mutum biyu sun tsallako titi, ɗaya yana zaro bindiga. Ta danna wa 'yan sanda ƙararrawa, ta fizgo makirfo.

"Baba mai gadi! Rufe ƙofa! Ka gudu, Baba!"

Tana ganinsa sarai, yana zaune yana gyara igiyar takalmi. Bai ko motsa ba. Muryarta ta tafi cikin gilashi, ta tsaya a ramin da aka yanke ta.

"Kwanta, tsoho!" Gatari ya daka wa Kawu tsawa. "Ina makullin?"

Kawu ya ɗago. Bai dubi bindigar ba. Ya dubi na bayan, mai takunkumi, mai ɗan jan ƙafar hagu tun faɗowarsa daga bishiya yana yaro.

"Auta?"

Gatari ya juyo a hankali. "Ka san shi?"

Injiniya ya yi sauri ya ce, "Ruɗewa ce, Oga. Mu kwashi kaya tukuna, lokaci na tafiya."

Minti goma Injiniya yake nema, kafin 'yan sanda su iso. Ya yi ta jan ƙafa. Ya yar da kwali, ya ɗauka. Ya ce makulli ya ƙi. Gumi ya jiƙa masa takunkumi. Minti bakwai, takwas —

Jiniya!

Ba daga gefe ɗaya ba. Gaba da baya.

Gatari ya dubi jar fitilar. Ya dubi kyamarar da ke saman ƙofa. Sannan ya dubi Injiniya.

"Guda nawa ka yanke?"

Injiniya ya ja da baya.

"Na ce guda nawa, ɗan iska!"

A waje taya ta yi ƙara. Tsinke ya fece da motar, ya bar su. Gatari ya ɗaga bindiga, ba kan Injiniya ba, kan tsohon. Injiniya ya yi tsalle ya kama hannun —

Tau! Tau!

"Ajiye makami! Kowa ƙasa!"

Ba a fita da ko kwali ɗaya daga rumbun ba. Tsinke bai wuce shatale-tale ba, ya shige ƙarƙashin tirela, a nan aka rufe gawarsa da rigarsa mai ƙyalli. Gatari ya sami ɗaurin rai-da-rai. Kawu ya rayu, amma a asibiti ya baro ƙafarsa ta dama.

A kotu ma'aikaciyar ta ba da shaida. Ta ce da an yanke shuɗin, da babu wanda ya ga komai. Alƙali ya rage wa Injiniya, ya ba shi shekara goma sha biyu. Sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba.

"Na yi ta kiran Baba ya gudu. Da ya ji ni, da ya rufe ƙofa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Kawu na kujerar baya da sandunansa, bai dube shi ba ko sau ɗaya.

Yau shekara huɗu ke nan. Duk farkon wata yana rubuta wa Kawu wasiƙa. Gandiroba ya rantse masa ana kaiwa, hannu da hannu.

"To me ya sa ba amsa?" abokin ɗakinsa ya tambaya.

Injiniya ya ninke takardar, ya lashi bakin ambulan.

"Mai kaiwa na aiki," ya ce. "Mai kawowa, ni na yanke shi da hannuna."